Sabo Ake Yi Wa Kuka: Kimiyyar Baƙin Cikin Mutuwar Kare

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Japan, ba baƙon abu ba ne a ga magidanci yana zubar da hawaye domin karen gidansa ya mutu. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin sangarta ko rashin aikin yi. To, amma ko a ƙasar Hausa, mafaraucin da ya rasa karen da suka shekara goma suna shiga daji tare ya san zafin abin, ko da kuwa bai faɗa wa kowa ba. Hausawa na cewa sabo ake yi wa kuka. Binciken masana ya nuna cewa wannan magana tana da tushe a cikin jikin ɗan Adam da kuma tarihinsa.

Daɗaɗɗiyar Dangantaka

Kare shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya mayar ta gida, tun kafin ya fara noma, kuma asalinsa daga kyarkeci ne. A shekarar 1914, wasu masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na ƙasar Jamus, suka tono wani kabari mai kimanin shekaru 14,000. A ciki akwai ƙasusuwan namiji da mace da na ɗan kwikwiyo. A shekarar 2018 wani likitan dabbobi, Luc Janssens, da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gano a haƙoran kwikwiyon: ya mutu yana ɗan wata bakwai, bayan ya sha fama da wata muguwar cutar karnuka. Masanan suna ganin ba zai kai wannan lokaci ba in da ba a yi jinyarsa ana ba shi ruwa da abinci ba. Kwikwiyo marar lafiya ba ya farauta, ba ya gadi. Ke nan ba amfaninsa aka duba ba wajen kula da shi.

Har ila yau, marubucin tarihin nan na Girka, Herodotus, wanda ya rayu fiye da shekaru 2,400 da suka wuce, ya ruwaito cewa a tsohuwar Masar idan kare ya mutu a gida, mutanen gidan sukan aske gashin kansu da na jikinsu don nuna juyayi.

Abin da ke Faruwa a Jiki

Ƙwaƙwalwa tana samar da wani sinadari mai suna oksitosin, wanda ke taimakawa wajen haihuwa da shayarwa, yake kuma ƙarfafa shaƙuwa tsakanin uwa da jariri. A shekarar 2015, Miho Nagasawa da Takefumi Kikusui na Jami'ar Azabu a Japan, tare da abokan aikinsu, suka auna wannan sinadari a fitsarin mutane da na karnukansu, kafin a bar su tare na minti 30 da kuma bayan haka. Sai suka ga cewa inda kare ya daɗe yana kallon idon ubangidansa, sinadarin ya ƙaru a jikin mutumin da na karen. Da aka gwada kyarketan da mutane suka rena, ba a sami irin wannan sakamako ba.

Daɗin daɗawa, a shekarar 2019 Juliane Kaminski ta Jami'ar Portsmouth a Ingila da abokan aikinta suka nuna cewa kare yana da wata 'yar tsoka da ke ɗaga girarsa ta ciki, wadda kusan babu ita a fuskar kyarkeci. Ita ce ke sa idonsa ya yi kama da na jariri mai neman taimako. Wato dai kare yana shiga zuciyar mutum ta ƙofar da 'ya'yansa suke shiga.

Sai kuma batun al'adar yau da kullum. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da tsammani. Idan shekara da shekaru kare ne ke tarbar mutum a bakin ƙofa, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da jiran wannan tarba bayan ya mutu. Shi ya sa wasu kan ji kamar motsinsa da dare, ko su ɗauko kwanon abincinsa ba su sani ba. Wannan ba taɓin hankali ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon sabon hali sannu a hankali. Tun da yawancin karnuka ba sa wuce shekara 10 zuwa 13, duk mai kiwon kare zai iya haɗuwa da wannan rana.

Baƙin ciki yana taɓa jiki ma: rashin barci, da rashin son abinci, da kasala. Jefi-jefi yakan kai ga zuciya. A shekarar 2017 wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga labarin wata mata 'yar shekara 61 a jihar Texas, wadda aka kai asibiti da ciwon ƙirji bayan mutuwar karyarta. Likitoci suka tarar hanyoyin jinin zuciyarta ba su toshe ba. Matsananciyar damuwa ce ta raunana tsokar zuciyar na ɗan lokaci. Ana kiran wannan ciwo takotsubo, kuma a Japan aka fara bayyana shi a 1990.

Baƙin Cikin da Ba a Yi wa Jaje

A shekarar 1989 wani masani Ba'amurke, Kenneth Doka, ya jawo hankali ga irin rashin da jama'a ba su ɗauke shi rashi ba. Wanda ya rasa ɗan'uwa ana zuwa masa gaisuwa, amma wanda ya rasa dabba sau da yawa dariya ake yi masa, ana cewa, "Kare ne fa kawai!" Sai ya haɗiye abin, kunya ta ƙaru a kan zafin rashi.

A nan ne malamai da iyaye suke da rawar takawa, domin ga yara da yawa mutuwar dabbar gida, kare ne ko kyanwa ko tunkiya, ita ce haɗuwarsu ta farko da mutuwa. Ya kamata a gaya wa yaro gaskiya cikin lallashi. Kada a ce masa dabbar ta yi barci ko ta ɓata, don kada ya ji tsoron barci ko ya zauna jiran dawowarta. A tabbatar masa ba laifinsa ba ne, a bar shi ya yi kuka ya kuma faɗi abin da ya tuna. Kada a yi gaggawar kawo masa wata dabbar. Idan kuwa makonni suka shuɗe ɗalibi ya kasa cin abinci ko karatu, to a nemi shawarar likita.

Kammalawa

Kimiyya ba ta ce rasa kare daidai yake da rasa mutum ba. Abin da ta nuna shi ne jiki yana amfani da hanya ɗaya wajen shaƙuwa, saboda haka zafin rabuwar na gaske ne. Ɗalibin da malaminsa bai yi masa dariya ba ranar da dabbarsa ta mutu, zai fi sanin yadda ake tausaya wa wanda ya yi rashi.