Tsohuwar kyanwar mangaza: sai an sayo mata abincin kanti?

A kasuwannin iyaka irin su Birnin Ƙonni, Ɗan Isa da Gaya, da wuya ka shiga mangazar hatsi ko shagon da ake jibge shinkafa da fulawa ba ka tarar da kyanwa kwance bisa buhu ba. Ita ce mai gadin da ba a biya albashi, wadda ke hana ɓeraye huda buhuna cikin dare. To amma mai gadi ma yana tsufa. Kwanakin baya, bayan na kammala shirin ƴan kasuwa a gidan rediyonmu, wani dattijo mai sayar da wake ya tare ni da damuwarsa. Mussar da ta shekara 12 a mangazarsa ta rame, ta rage farauta, ɓeraye sun soma dawowa, ga kuma ɗansa da ke Yamai ya gaya masa cewa akwai abincin leda da aka yi musamman domin tsofaffin kyanwoyi. Ya aika a sayo ne, ko kuwa zubar da kuɗi ne?

Bari mu fara da shekaru. A ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin dabbobi na Amurka suka fitar a 2021, kyanwa mai shekara 7 zuwa 10 ta manyanta, wadda ta haura 10 kuwa ta shiga tsufa. In aka kwatanta da mutum, mai shekara 10 kamar ɗan shekara 56 take. Mussar dattijon nan ke nan ta wuce sittin.

Amma fa kamfanonin da ke yin wannan abinci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wata leda za ka ga an rubuta 7+, wata 11+, wata 12+. Hasali ma ƙungiyar AAFCO, wadda ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, ma'auni biyu kawai ta ajiye wa kyanwa: na ƴaƴa masu tasowa haɗe da masu ciki da masu shayarwa, sai na babbar kyanwa. Ba ta da wani ma'auni na tsofaffi. Kalmar «Senior» da ake bugawa a jikin leda, kowane kamfani da abin da yake nufi da ita. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 ya auna abincin tsofaffin kyanwoyi da na sauran manya, sai aka tarar kusan duk ɗaya ne, in ban da harza, wato abu mai kama da dusa, da ta fi yawa a na tsofaffin. Ɗan kasuwa dai ya san wannan dabara: kaya ɗaya, buhu daban.

Wannan ba ya nufin cikin tsohuwar kyanwa daidai yake da na budurwa. Tsakanin shekara 7 da 10 matsalarta ƙiba ce, musamman wadda ke kwance a gida. Daga shekara 11 ko 12 sai lamarin ya juya, hanjinta ya rage iya narkar da kitse da furotin, sinadarin gina jiki, tsoka ta fara zubewa, ka shafa bayanta ka ji ƙashi. A lokacin ƙarin abinci mai kyau take buƙata. A nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure, domin abin da muke zuba mata shi ne ragowar tuwo da shinkafa. Sa'ad da take da ƙarfi ɓeraye da ƙadangaru ne ke cike mata giɓin. Ranar da ƙafa ta yi nauyi, haƙori ya lalace, sai ya rage tuwon kaɗai.

Ita kuwa kyanwa maciyar nama ce tsantsa, ba kamar kare ba. Akwai wani sinadari mai suna taurin da take samu daga nama da kifi, wanda babu shi a gero ko dawa. Rashinsa na kawo makanta da ciwon zuciya, kamar yadda masana a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar game da zuciyar a 1987. Saboda haka wanda ke da mahauci kusa da shagonsa ya fi kusa da magani a kan mai jiran leda daga birni. Ƴar zuciya, ƙundun kaza, guntayen tsoka, kifin da aka dafa aka cire ƙaya, dafaffen ƙwai jefi-jefi, a yanka ƙanana a ba ta sau uku ko huɗu a yini. Hanta kaɗan, sau ɗaya a mako ya isa, domin yawanta na lahanta ƙashi. In an ɗan ɗumama abincin ƙamshi zai tashi, tunda hancinta ya yi rauni. Gaskiya ne abincin kamfani da aka rubuta cewa cikakke ne ya fi haɗin gida daidaito, domin tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin ƙashi. Mai hali ya saya, ko da na manya ne kawai. Na gwangwani ko jiƙaƙƙe ya fi sauƙin ci ga mai ciwon baki.

Wasu sun ce in ka ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Ni ban yarda ba. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi tana yi, mai yunwa kuwa ita ce ke satar kifin maƙwabci ko ta bar shagon baki ɗaya.

Sai ruwa. Kakannin kyanwa dabbobin busasshiyar ƙasa ne, ba ta cika jin ƙishirwa ba, galibin ruwanta daga jikin abin da ta kama take samu. Abincin gwangwani kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 ruwa ne, busasshe na leda kuwa wajen kashi 10. A zafin Afrilu da Mayu, cikin mangaza mai rufin kwano da aka kulle tun magariba, tsohuwar da ba a ajiye wa kwanon ruwa ba tana cikin haɗari, domin ciwon ƙoda na daga cikin cututtukan da suka fi kama tsofaffin kyanwoyi. In ka ga tana shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari, ko tana ci sosai amma tana ramewa, to ba canjin leda za a yi ba, likitan dabbobi za a nema. Yana iya zama ƙoda, ko ciwon sukari, ko tsutsar ciki. Mai ciwon ƙoda ita ce ke buƙatar abinci na musamman wanda aka rage wa sinadarin fosforas, kuma ciwon ne ya sa, ba shekaru ba.

Akwai kuma abin da muke ba ta da hannunmu da kyakkyawar niyya. Miya mai albasa da tafarnuwa na lalata jinin kyanwa. Kilishi da kifi mai gishiri ba nata ba ne. Madara tana sa da yawa daga cikin manyan kyanwoyi zawo. Ƙwayar farasitamol ɗaya tak tana iya kashe ta. Wanda kuma ya zuba maganin ɓera a mangaza ya sani cewa ɓeran da ya ci guba shi ne ya fi sauƙin kamu ga tsohuwar da ba ta da gudu.

Dattijon nan na ce masa ya riƙe kuɗin ledarsa, ya fara kai ta ofishin kiwo a duba bakinta, sannan ya yi magana da mahaucin layinsu. Batun buhunan wake kuwa, ya nemo ƴar ƙaramar kyanwa tun yanzu, ya raba musu kwano, domin mai tasowa ita ce shekarunta suka wajabta mata abinci mai ƙarfi, kuma in kwano ɗaya ne za ta cinye ta bar tsohuwar tana kallo.