Daga rairayin Magariya zuwa Dutsen Kamaru: Wutar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa

Wanda ya taso a Magariya ko Dungas, a kudancin jihar Damagaram, bai saba ɗaga kai ya kalli dutse ba. Abin da idonsa ya sani shi ne rairayi, da gawo, da goruba, da fadamun Korama inda ake noman rake. Dutse mai aman wuta kuwa sai dai a waya, cikin bidiyon da ake turowa daga ƙasashe masu nisa. Amma lamarin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Akwai burbushinsa a duwatsun da ke maƙwabtaka da mu, akwai kuma mai rai a ƙasar da ƴan uwanmu da dama ke zuwa neman na kansu.

Tushen wutar da ta mutu

A can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse har ya koma kamar talge a tukunya. Idan narkakken dutsen ya samu tsaga, sai iskar da ke cikinsa ta ingizo shi sama, ya fito tare da toka da hayaƙi. Wanda bai samu hanya ba yakan daskare a ƙasa sannu a hankali.

Masana ilimin ƙasa sun gano wani jerin duwatsu da ya faro daga tsaunukan Ayar a jihar Agadas, ya biyo ta Damagaram da Muniyo wajen Gure, ya tsallaka Najeriya ta Dutse a jihar Jigawa, har ya dangana da Jos. Duwatsun wannan jeri tushen waɗansu tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta. Iska da ruwa sun cinye samansu, saiwar ce ta rage. Na Ayar sun haura shekaru miliyan 400, na Damagaram da Muniyo sun kai kimanin miliyan 300, na Jos kuma ba su cika miliyan 200 ba. Kuzar da ta yi wa Jos suna daga cikin irin waɗannan duwatsu ta fito.

Wato Magariya da Dungas suna zaune ne a tsakiyar wannan tsohuwar hanyar wuta, amma wutar ta mutu murus tun kafin a san ɗan Adam a doron ƙasa. Duk wanda ya turo maka saƙon cewa dutsen Damagaram zai fashe, ƙanzon kurege ne. Ɗan ɗumin da ya rage a Nijar yana can arewa: a yankin Todra na Ayar akwai ƙananan duwatsun wuta fiye da 100 da suka yi shiru, sannan a Tafadek, arewa da Agadas, ruwan zafi na ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane na zuwa wanka don neman lafiya.

Wanda ke numfashi har yanzu

Idan ka miƙe kudu sak daga Magariya, bayan kimanin kilomita 1,000 za ka ci karo da Dutsen Kamaru a gaɓar tekun Atlantika. Tsayinsa ya haura mita 4,000. Ƴan ƙabilar Bakweri da ke zaune a gindinsa suna kiran ƙololuwarsa Fako, kuma a 2009 gwamnatin Kamaru ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, wanda har giwaye ke rayuwa a cikinsa.

Wannan dutse bai mutu ba. A 1909 ya motsa har Jamusawa ƴan mulkin mallaka suka kwashe ofisoshinsu daga Buea zuwa Duwala na ɗan lokaci. Ya sake yin amai a 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro ya datse hanyar mota da ke bin gaɓar teku kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya dab da ruwa. Har yau matafiya na tsayawa su hau wannan baƙin tudu su ɗauki hoto.

To me ya sa mutane ba su tashi ba? Amsar tana gona. Tokar dutse idan ta ruɓe takan zama ƙasa mai albarka, shi ya sa gonakin ayaba, kwakwar manja, roba da shayi suka kewaye shi. Ga kuma ruwan sama. Ƙauyen Debundscha da ke gefensa na samun kusan milimita 10,000 a shekara, abin da Magariya za ta haɗa damina goma ba ta samu ba. Inda akwai noma akwai kasuwa, inda kuma akwai kasuwa ba ka rasa Bahaushe, a Buea da Limbe da Duwala.

Mai son hawa yakan taso ne daga Buea tare da ɗan jagora, a yi kwana biyu ko uku. Ana farawa da kurmi mai duhu, a fita zuwa ciyawa, a ƙare a baƙin dutse mai kaifi da sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu. Tun 1973 ake yin gasar tseren hawa da saukowa, kuma wata mata, Sarah Etonge, ta lashe ta har sau 7. Sai dai rikicin ƴan aware da ya addabi yankin masu magana da Ingilishi tun 2017 ya sa dole mai niyyar zuwa ya fara bincikar halin tsaro.

Daren da iska ta yi kisa

Abin mamaki, babbar asarar da duwatsun Kamaru suka jawo ba ta wuta ba ce. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin ƙasar, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutsen wuta, ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa, kamar yadda lemon kwalba ke tumbatsa idan an girgiza shi aka buɗe. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ta bi kwari ta mamaye ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, yawancinsu shanun Fulani makiyaya. Gidaje da bishiyoyi na nan tsaye, ba abin da ya ƙone. Da yawa daga waɗanda suka tsira suna kan tudu ne.

Masu yasar rijiya a ƙauyukanmu sun san wannan iska, ko da ba su san sunanta na boko ba. Shi ya sa mai hankali kan fara zura fitila a tsohuwar rijiya. Idan ta mutu, ba ya shiga.

Tun 2001 aka kafa bututu a tafkin don fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara wasu a 2011. Najeriya ma ta gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba, kuma ɗaya daga dalilan ginata shi ne tare ambaliya idan bangon tafkin ya fashe, tunda ruwansa kogin Katsina-Ala yake gangarowa.

Abin da ya kamata matafiyi ya riƙe

Dutse ba kasafai yake yin amai ba gargaɗi ba. Ƙasa kan yi ta girgiza a kai a kai, a ga tsagewa, ko a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan hukuma ta ce a tashi, a tashi, kada a tsaya haɗa kayan shago, domin sai da rai ake neman dukiya. Idan toka na zuba, a rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, a rufe ruwan sha, a share rufin ɗaki kafin nauyi ya danne shi. Idan kuma aka ga tsuntsaye ko dabbobi na faɗuwa a kwari ba dalili, a nufi tudu, kada a je dubawa.

Mai ɗan uwa a Buea ko Limbe, in sun gama gaisuwa a waya, yana da kyau ya ƙara masa tambaya ɗaya: idan dutsen nan ya motsa cikin dare, ka san ta ina za ka bi?