Jirgi ya tsaya a Tema, amma ma'aikatansa ba su ga ta barci ba

Daga Ash Town zuwa bakin teku tafiya ce ta fiye da kilomita 200, shi ya sa da wuya ka ji ana hirar ma'aikatan jirgin ruwa a majalisun Zangon Kumasi. Hirar kwantena ake yi: ta iso Tema ko ba ta iso ba, nawa kwastam suka yanka. To amma injinan mota da ake sayarwa a Suame Magazine, da dilolin gwanjo na Kejetia, duk sai sun kwana a cikin jirgin da ke ɗaure a tasha, kuma akwai mutanen da ke gadinsu.

Da yawa sun ɗauka jirgi in ya tsaya kamar tirela ce a gareji, direba ya kulle ya tafi cin waake. Ba haka ba ne. Janareto na aiki dare da rana, ana zuba mai, ƴan dako na shiga da fita. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda aka yi wa gyara a Manila a 2010, ta ɗora wa kyaftin nauyin tsara masu gadi ko da jirgi na tasha. Ita ce kuma ta ce kowane mai gadi sai ya huta aƙalla awa 10 cikin 24, da awa 77 a mako. Kowane babban jirgi yana da takardar da ke nuna mafi ƙarancin ma'aikatan da zai iya tafiya da su.

A nan gizo ke saƙar. Ranar da jirgi ya shigo tasha ce aiki ya fi yawa, ga jami'ai, ga lodi, ga kamfani na matsa lamba a tashi da wuri. Mutanen dai su ne ƴan kaɗan ɗin da suka kwana suna tuƙi.

Abin da ya faru a tashar Newark ta Amurka ranar 5 ga Yulin 2023 ya shafe mu kai tsaye. Jirgin Grande Costa d'Avorio yana lodin tsofaffin motoci da za a kawo Afirka ta Yamma, sai motar da ake tura matattun motoci da ita ta kama wuta. Masu bincike sun gano cewa wata babbar ƙofa ba ta rufuwa daga waje, don haka iskar kashe gobara ta zurare. Ƴan kwana-kwana biyu suka mutu, wutar ta yi kwanaki tana ci. A bakin tasha fa, ba a tsakiyar teku ba.

A Gana, Hukumar Kula da Harkokin Teku da aka kafa da dokar 2002 ce ke hawa jiragen ƙasashen waje ta duba takardu da kayan kashe wuta da rajistar hutun ma'aikata, ƙarƙashin yarjejeniyar Abuja ta 1999. Tana da ikon tsare jirgi har sai an gyara. In an tsare, mai kaya a Alabar ne zai ƙara sati yana jira, kuma ba zai ji daɗi ba. Sai dai rajistar hutu takarda ce, ana iya cika ta da kyau alhali mutum bai runtsa ba, kuma jami'in da ke da ƴan awoyi a kan jirgi sai ya gwama ta da littafin lodi kafin ya gane.