Lambar da ta karya hasashen Fermat

Idan aka rubuta 4,294,967,297 a allo, abin da ido zai iya faɗa a kanta bai taka kara ya karya ba: ta haura biliyan huɗu, kuma mara ce, tunda ta ƙare da 7. Tambayar da masana lissafi ke fara yi wa kowace lamba ita ce, wace lamba ke raba ta ba saura? Wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, kamar 7 ko 13, ita ce gagara-rabo. Sauran kuwa haɗi ne na ƙananan lambobi da aka ninka. Hujja kaɗai ke yanke wannan hukunci, ko da wa ya yi hasashen.

Lambar tamu tana da dangi. Ana samun ta ne idan aka jera 2 har sau 32 aka ninka su, aka ƙara 1. Yayyenta biyar, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, ta wannan hanya suka fito, da jerin 2 sau 1, 2, 4, 8 da 16, kuma dukkansu gagara-rabo ne. Ganin haka ya sa Pierre de Fermat, lauya ɗan Faransa kuma gwanin lissafi, ya yi hasashe wajen 1640 cewa duk zuriyar haka take. Wani zai ce ai biyar a jere sun isa shaida. To, kama da wane ba wane ba ne. A 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa ta shida ba komai ba ce face 641 sau 6,700,417. Daga baya ya tabbatar cewa duk lambar da za ta raba ta sai ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1, ga shi kuwa 641 ita ce 64 sau 10 da ɗaya. Abin mamaki, tun daga nan ba a sake samun gagara-rabo ko guda a gidan ba.

Akwai masu cewa wannan duk wasan malamai ne, kwamfuta ma za ta warware shi kafin ƙiftawar ido. Batun amfani dai a fili yake: tsarin RSA, da aka daɗe ana kare bayanan banki da shi a intanet, ya dogara ne da wahalar gano lambobin da aka ninka aka sami wata ƙatuwar lamba, kuma 65,537 tana cikin makullansa da aka fi amfani da su. Kwamfuta kuwa tana da iyaka. An tabbatar cewa daga ta 6 zuwa ta 33 a zuriyar duk suna rabuwa, amma ta 34, mai alƙaluma fiye da biliyan biyu da rabi, har yau ba a yanke mata hukunci ba.