Gunduma: Yadda Aka Yanka Ƙasar Zazzau

Mutumin Tudun Wada yana zaune ne a ƙarƙashin tsarin mulki iri biyu. Ta wajen gwamnati, unguwarsa mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Zariya, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, kuma da ya haye gadar Kubanni ya shiga ta Sabon Gari. Ta wajen sarauta kuwa, daga mai unguwa sai dagaci, sai hakimi, sai Mai Martaba Sarkin Zazzau.

Wannan jeri na biyu, a siffarsa ta yau, bai kai tsufan da ake zato ba. Kafin zuwan Turawa a 1902, manyan masu sarauta a cikin birni suke zaune. Garuruwan da kowanne ke riƙe da su a warwatse suke, wannan a gabas, wancan a kudu, jakadu ne ke kai saƙo su karɓo haraji. Ƙasashe irin su Kauru da Kajuru da Lere kuwa da sarakunansu, gaisuwa suke kawowa Zazzau. Turawa suka ga wannan ba zai ƙirgu a takarda ba. A zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi aka haɗe garuruwan da ke maƙwabtaka, aka shata musu iyaka, aka tura kowane hakimi ya je ya tare cikin jama'arsa. Gunduma ke nan, gundumomi kuma suka taru suka yi Lardin Zariya, Razdan na bisa.

Haraji ne ƙashin bayan tsarin. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe mulki daga hannun En'e, wato hukumar sarakuna, sannan Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979. Duk da haka gundumomi suka yi ta ƙaruwa, musamman daga 2001, har suka kai 390 a jihar. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta mayar da su 77, bisa hujjar cewa albashin hakimai ya fi ƙarfin ƙananan hukumomi.

Hujjar kuɗin tana da nauyi, amma ni abin da ke damuna shi ne nisa. Rikicin gona, rabon gado, rigakafin shan-inna, shaidar baƙon da ya kama haya, duk ƙofar mai unguwa da hakimi ake fara bugawa. A wuri mai cunkoso kamar Tudun Wada, wadda tun kafuwarta a bayan ganuwa matattarar baƙi ce, hakimi guda ba zai san kowa ba, sai nauyin ya faɗo kan masu unguwanni, waɗanda su ne aka fi mantawa da su wajen albashi da kayan aiki.