Tsohon Jaki a Turke: Kula da Dabbar da Ba Ta da Sauran Magani

A ƙauyukan Tchaké da ke gundumar Mayahi, haka ma a ƙasar Tasawa, idan akuya ko sa ya kwanta ciwo mutane sun san abin yi. Ana ganin ba zai tashi ba sai a kira mahauci, a yi maza a yanka kada ya zama mushe. Amma akwai dabbobin gida da wannan hanya ba ta buɗe musu ba: jaki, doki, kare da kyanwa. Ba a cin namansu, saboda haka idan tsufa ko cutar da ba ta jin magani ta kama su, sai mai su ya tsaya da tambaya ɗaya: yaya zan yi da shi?

Tambayar ta fi nauyi a kan jaki. A wannan yanki na jihar Maraɗi rijiyoyi suna da zurfi, kuma jaki ne yake jan guga, yake kai taki gona, yake ɗauko dammunan hatsi da kaka, yake jan amalanke zuwa kasuwa. Wani lokaci ma shi ne yake kai mai naƙuda asibiti. Yara sun san shi da sunansa, Aura ko Duna, sun tashi suna hawansa. Jakin da ya samu kulawa yakan haura shekara 30, amma na aiki a ƙasashenmu da yawa ba sa kai rabin haka.

A shekarun baya dillalai sun kawo wata mafita mai sauri: a sayar da shi. Kamfanonin China suna sayen fatar jaki domin haɗa wani magani nasu, kuma kasuwar ta yi zafi har gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, bayan da adadin waɗanda aka fitar ya tashi daga 27,000 a 2015 zuwa 80,000 a 2016 tun kafin shekarar ta ƙare. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna domin fata a duk nahiyar. Tsohon jakin da aka miƙa wa dillali ba hutu yake samu ba. Doguwar tafiya ce a cikin rana, ba ruwa ba ci, wasu ma a hanya suke faɗuwa.

Wanda ya zaɓi riƙe dabbarsa sai ya fara da sanin halinta. Jaki yana ɓoye ciwo. Doki idan cikinsa ya murɗa yakan yi birgima, ya yi ta harbin ƙasa, kowa ya gani. Jaki kuwa tsayawa kawai yake yi, kai a sunkuye, kunnuwa a kwance, ya sa baki a harawa kamar yana ci alhali ba ya haɗiyewa. Likitocin dabbobi suna ɗaukar wannan shirun a matsayin abin gaggawa, domin jakin da ya daina ci na 'yan kwanaki kitse yakan cika jininsa, hanta ta gaza.

Haƙora su ne abu na biyu da zai duba. Da tsufa turamen haƙori sukan cinye ko su zube, sai a riƙa ganin dunƙulen ciyawa da aka tauna rabi a zube gindin turke. Irin wannan dabba ba ta iya karan dawa. Abin da ya dace da ita dusa ce da aka jiƙa, da harawar wake mai laushi, da 'ya'yan gawo da aka daka, kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, a kuma raba ta da ƙarfafan dabbobi masu ture ta daga abinci. Ruwa ya kasance kusa da ita kullum, musamman da bazara lokacin da zafi yake wuce digiri 40. A yi mata rumfa, a zuba yashi mai laushi, a kwance dabaibayi. Idan ta kai ga kwanciya, a riƙa juya ta don kada gyambo ya fito a kwankwaso da kafaɗa, a kuma rufe miki saboda ƙuda.

Wasu cututtukan ba su da waraka. Kili, wato farin doki, idan ya wuce shekara 15 yawanci yakan fitar da baƙaƙen ƙullutai a ƙarƙashin wutsiya. Wani nau'in ciwon daji ne na fata, yana tafiya a hankali, amma yana iya girma har ya toshe hanyar kashi. Akwai kuma leda da tsummoki da dabba ke haɗiyewa a juji, su dunƙule a hanji. A irin wannan hali aikin da ya rage shi ne rage zafi, kuma nan ne ake yawan kuskure. Lalas da baƙin man inji ƙara azaba suke yi. Taramol da wasu ke ɗura wa dabba don ta ci gaba da aiki zalunci ne. Farasitamol na mutane, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Akwai magungunan rage zafi da aka yi domin doki da jaki, kuma ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi ne ya san awonsu.

Kare yana da nasa gargaɗi. Tsohon karen farauta da ya makance ana iya jinyarsa a gida, amma wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya samu, wannan ba na jinya ba ne. Haukan kare ba ya warkewa da zarar alamunsa sun bayyana, a dabba ko a mutum. A killace shi, a sanar da hukuma, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ya nufi asibiti a ranar.

To, idan wahala ta kai maƙura fa? Mutane da yawa suna jin tsoron alhaki, sai su kora dabbar bayan gari ta mutu ita kaɗai da ƙishirwa, karnuka da angulaye suna jira. Malaman fiƙihun Malikiyya sun riga sun duba wannan mas'ala. Muhtasar na Shehu Halil, littafin da ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Katsina da Kano, ya ɗora wa mai dabba ciyar da ita, ya kuma halatta yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna daga warkewarta. Masu sharhinsa sun ba da misali da jaki da alfadari, suka ce manufar ita ce a hutar da su. Bayan haka sai a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, maimakon a yar da mushe inda yara da dabbobi ke bi.

Saboda haka, mai tsohon jaki ko doki a Tchaké, kada ka jira sai ya kasa tashi. Tun yana tsaye ka sauke masa akumari, ka kira ma'aikacin kiwo ya duba shi, ka kuma tambayi malamin garinku hukuncin ranar da magani zai ƙare.