Tafiya Turai: Kowa Sarkin Ƙofar Aljihunsa Ne

A zamanin da, in rana ta faɗi akan rufe Ƙofar Na'isa da sauran ƙofofin Kano, sarkin ƙofa yana tsaro. Amma 'yan'uwanmu masu zuwa Turai ziyarar ibada ko karatu ba su da mai tsaro sai kansu.

A Roma, bas mai lamba 64, daga tashar Termini zuwa wajen Majami'ar Bitrus, ta yi ƙaurin suna saboda 'yan sane. Wani ya tare ƙofa, a cunkushe, wani ya zare fasfo. Mai shi kuwa sai zirga-zirga tsakanin 'yan sanda da ofishin jakadancin Nijeriya.

Saboda haka mu rataya fasfo cikin riga, mu bar kwafinsa a masauki, mu raba guzuri gida biyu. Kada mu karɓi ƙunshin saƙo ba mu buɗe ba, ko da mai bayarwa ya ce shi mai bi ne. In ƙwaya ce, mu za a ɗaure. Lambar neman agaji a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, kyauta.

Baƙo, ko da ido, makaho ne. Mu yi addu'a, mu kuma lura. Ubangiji ya kai mu, ya komo da mu lafiya.